Jadawali ya cika, aiki bai ƙare ba: ina lokacin ma'aikaci yake tafiya?

Malam Nura:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata matsala da nake so mu zauna a kanta, don duk ma'aikacin da nauyi ya yi wa yawa ya san ta. Mutum ya shiga ofis ƙarfe takwas, ya tashi ƙarfe biyar ko shida, bai zauna banza ba ko na minti goma, amma rahoton da ya ƙudura zai gama tun da safe ko taɓa shi bai yi ba. Washegari ma haka. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a rubuta jerin ayyuka. To an rubuta, jerin ya kai layi arba'in, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Masu ilimin abin, daga ina ake fara gyara? Bayani dalla-dalla nake nema, wanda mutum zai iya aikatawa gobe da safe.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Kafin a sha magani a fara sanin ciwon. Mako guda yana da awa 168, kuma yawancin mutane ba za su iya faɗa maka inda awa arba'in ɗin aikinsu suka shiga ba. Don haka matakin farko shi ne ƙidaya. A ɗauki takarda a raba ta rabin awa rabin awa, daga shiga ofis zuwa tashi, kwana biyar a jere. Duk rabin awa a rubuta abin da aka yi da kalma uku ko huɗu: "imel", "taron kasafi", "wani ya shigo da tambaya", "rahoto". Ranar ƙarshe a tattara su gida huɗu: aikin da ake biyan ka dominsa, taro, amsa saƙonni da kira, sai kuma katsewa daga wasu.

Abu biyu ke ɓata wannan ƙidayar. Na farko, a bari sai yamma a cike takardar da ka. Ƙwaƙwalwa takan tuna aikin da aka yi niyya, ta manta da minti ashirin ɗin da aka yi ana duba waya. A sa ƙararrawa ta riƙa tuni. Na biyu, mutum ya fara gyara halinsa saboda ya san yana rubutawa. Kada a gyara komai a makon nan, a rubuta gaskiya kawai.

Injiniya Bashir:
Na yarda da Hajiya, amma ni na riga na hango abin da takardar za ta nuna, tunda Malam Nura ya ce layi arba'in. Matsalar ba ƙarancin lokaci ba ce, yawan ayyukan da aka buɗe lokaci guda ne. Akwai wata ƙa'ida a lissafin layin jira, ana kiranta dokar Little, don John Little ne ya tabbatar da ita a 1961. A sauƙaƙe: tsawon lokacin da aiki ke ɗauka a hannunka daidai yake da yawan ayyukan da ke buɗe, a raba da yawan da kake gamawa. Idan kana iya gama manyan ayyuka uku a mako, kuma ka buɗe goma sha biyu kana taɓa wannan kana taɓa wancan, to kowanne zai kwashe kimanin mako huɗu kafin ya fita. Idan uku kawai ka buɗe, kowanne mako guda. Ƙarfin aikinka bai ƙaru ba, amma wanda ke jiran aikinsa ya samu cikin kwana bakwai maimakon ashirin da takwas, kuma mutum tara sun daina kiran ka suna tambayar "ina aka kwana", tunda sun san ranar da nasu zai fara.

Daga nan tsarin kanban na masana'antar Toyota ya samo ƙarfinsa. A allo ko a shafi guda, a ja gida uku: masu jira, waɗanda ake kai, waɗanda aka gama. Gidan tsakiya kada ya wuce uku. Sabon aiki ba ya shiga sai wani ya fita. Wannan iyakar ita ce tsarin gaba ɗaya. Wanda ya ja allo bai sa iyaka ba, jerin ayyukansa ne kawai ya juya a kwance.

Malam Nura:
Injiniya, to idan ɗaya daga cikin ukun ya tsaya saboda ana jiran sa hannun wani fa? Sai a zauna?

Injiniya Bashir:
A'a. A ƙara gida na huɗu, na "ana jiran wani", a rubuta sunan wanda ake jira da ranar da za a tuntuɓe shi. Aikin ya koma can, gurbinsa ya buɗe. Amma a sa ido: idan wannan gidan ya fi biyar ko shida, matsalar ta tashi daga tsara lokaci ta koma bibiya, sai a ware minti goma sha biyar kullum don tuntuɓar waɗanda ake jira.

Dakta Halima:
Bari in ƙara dalilin da ya sa tsalle daga aiki zuwa aiki ke da tsada, don mutane na ɗauka kyauta ne. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai ingancin na biyun ya ragu. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana auna yadda ma'aikata ke amfani da kwamfuta. A 2004 ta samu mutum kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan fuskar kwamfuta guda kafin ya sauya, a 'yan shekarun nan kuwa abin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Gyaran da ya fi saurin nuna amfani shi ne a tara saƙonni a amsa su a lokuta ƙayyadaddu. Misali ƙarfe goma da rabi, ƙarfe ɗaya, da ƙarfe huɗu, kowanne minti ashirin zuwa talatin. Tsakanin waɗannan lokutan a rufe shafin imel gaba ɗaya, ba a ture shi gefe ba. A waya a kashe sanarwar kowace manhaja, a bar kira kawai. WhatsApp yana ba da damar rufe bakin zaure na awa takwas, ko mako guda, ko har abada. Duk zauren da ba a ba ka umarnin aiki a cikinsa, zaɓi na ukun ne ya dace da shi. Kuma wayar ta bar kan tebur, ta shiga jaka ko aljihun tebur, don ganinta kaɗai kan jawo hannu.

Barista Usman:
Dakta, da girmamawa, wannan shawarar ta masu iko da lokacinsu ce. Sakatare fa? Ma'aikacin jinya? Mai karɓar koken kwastomomi? Ƙaramin ma'aikacin da oga zai aiko masa saƙo ya ga bai amsa ba cikin minti biyar? Shi amsawar ita ce aikin. Idan muka ce ya rufe waya awa biyu, mun jefa shi cikin matsala ne.

Dakta Halima:
Gaskiyarka Barista, kuma dole a bambance. Wanda amsawa ce aikinsa ba zai rufe ƙofa ba. Amma ko shi yana da aikin da ke bukatar natsuwa, kamar rahoton wata ko lissafin ƙarshen mako. Abin da ake yi shi ne karɓa-karɓa: mutum biyu a sashe guda su yi yarjejeniya, wannan ya riƙe waya da teburin daga tara zuwa goma da rabi, wancan ya natsu, sannan su yi musaya. Game da oga kuwa, wayoyin yanzu duk suna da yanayin "kada a dame ni" wanda ke barin kiran mutanen da ka zaɓa ya shigo. A sa oga da mutum biyu ko uku a ciki. Sannan a gaya wa abokan aiki a fili: abin gaggawa a kira ni, saƙo kuwa zan amsa kafin ƙarfe ɗaya. Galibi mutane ba amsar nan take suke bukata ba, so suke su san yaushe amsar za ta zo.

Malama Zainab:
Ina so in koma kan jerin nan mai layi arba'in. Jeri yana da amfani guda: ya kwashe abubuwa daga ka ya ajiye su a takarda. Aibinsa shi ne bai san tsawon aiki ba. "Kira mai kawo kaya" da "rubuta kasafin shekara" kowanne layi ɗaya ne, alhali ɗaya minti biyar ne, ɗaya awa goma sha biyu. Sai mutum ya bi ƙananan yana kashewa don ya ji daɗin jan layi, babban yana nan.

Don haka jeri wurin ajiya ne, kalanda ita ce wurin yanke hukunci. Duk aikin da ya wuce rabin awa sai an ba shi rana da lokaci a kalanda, kamar yadda ake ba taro. Kuma a gyara yadda ake rubuta shi. "Kasafi" ba aiki ba ne, suna ne. "Buɗe kasafin bara, fitar da kashe-kashen watanni shida na farko" shi ne aiki, don hannu ya san abin da zai fara taɓawa. Yawancin abin da muke kira kasala rashin sanin matakin farko ne. Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi dogon bincike kan wannan: wanda ya ƙayyade yaushe, a ina, da yadda zai fara abu ya fi aikata shi a kan wanda ya ce "zan yi" kawai.

Hajiya Rabi:
Haka ne Malama, sai dai a nan ne masu fara amfani da kalanda ke faɗuwa. Sukan cika ta fal daga takwas zuwa biyar, ba ko tsaga. Ƙarfe tara da rabi wani abu ya taso, komai ya ture juna har yamma, kwana uku a haka sai mutum ya ce tsarin ba ya aiki. A cikin awa takwas kada a tsara fiye da biyar. Ukun da suka rage ba hutu ba ne, na abin da zai zo ne ba da sallama ba, kuma zai zo. Takardar ƙidayar da na ambata ita za ta gaya wa kowa nasa adadin: idan katsewa na cin awa biyu kullum, to awa biyu za a bar mata.

Injiniya Bashir:
Wannan ma lissafi ya goyi bayansa. A tsarin layin jira mafi sauƙi, inda ayyuka ke zuwa ba a kan tsari ba, jira yana ƙaruwa ne gwargwadon cikar mai aikin. Idan rabin lokacinsa ne a cike, sabon aiki kan jira kwatankwacin tsawon aiki guda. A kashi 80 cikin ɗari, ninki huɗu. A kashi 90, ninki tara. A kashi 95, ninki goma sha tara. Ku dubi titi: idan motoci sun cika shi baki da baki, ba mai motsi. Shugaban da ke alfahari ma'aikatansa ba su da minti ɗaya na sarari, shi ne kuma zai yi ta mamakin me ya sa takarda ke kwana goma a sashensa.

Alhaji Kabiru:
Ku gafarce ni, na shigo a makare. Ban ga an ambaci tsarin Pomodoro ba, kuma shi ne aka fi yaɗawa. Francesco Cirillo ɗan Italiya ne ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi. Minti 25 na aiki guda ba waiwaye, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Idan wani tunani ya faɗo a tsakiya, a rubuta shi a gefen takarda a ci gaba. Ina ganin shi ne mafi sauƙin farawa ga wanda Malam Nura ya kwatanta.

Malama Zainab:
Ranka ya daɗe, yana da kyau ga aikin da rai ba ya so: cike fom, duba rasitai, tace bayanai. Yana kuma karya tsoron farawa, don kowa zai iya jure minti 25. Amma ga rubutu mai zurfi ko lissafi mai sarƙaƙiya, ni ban goyi bayansa ba. Mutum kan ɗauki minti goma zuwa goma sha biyar kafin ya nutse, yana nutsewa ƙararrawa ta buga. Irin wannan aikin ya fi son zama na minti 60 zuwa 90.

Alhaji Kabiru:
To ai ana iya tsawaita shi, minti 50 da hutun 10.

Malama Zainab:
Ana iya, kuma hakan ya fi. Abin kiyayewa shi ne hutun. Idan hutun minti biyar ɗin a kan waya aka yi shi, an ɗebo sabbin maganganu goma an zuba a ka, an dawo da hankali a rarrabe. A tashi tsaye, a taka, a kalli nesa ta taga, a dawo.

Barista Usman:
Akwai abin da ke rusa duk waɗannan tsare-tsaren tun daga tushe, shi ne ƙiyasi. Mutum ya ba aiki awa biyu a kalanda, aikin ya ci biyar. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan kuskuren tun 1979. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗalibai kwana nawa za su ɗauka su gama kundin kammala karatunsu. Matsakaicin ƙiyasinsu kwana 33.9. Da aka ce su ƙiyasta idan komai ya lalace, suka ce 48.6. Abin da suka ɗauka a zahiri kwana 55.5. Ku lura, ko ƙiyasin "idan komai ya lalace" bai kai gaskiyar ba. Manyan ayyuka ma haka: gidan wasan opera na Sidni a Ostareliya an sa ran gama shi a 1963, sai 1973 aka buɗe shi.

Dalili shi ne idan muna ƙiyasi, aikin muke hangowa yana tafiya sumul, ba ma tuna yadda irinsa ya kasance a baya. Maganin: kada ka tambayi kanka "nawa zai ɗauka", ka tambaya "na ƙarshe irinsa nawa ya ɗauka". A riƙe shafi mai gida uku, sunan aiki, ƙiyasi, da abin da ya ci. Bayan ayyuka goma a raba jimlar na zahiri da jimlar ƙiyasi. Idan ya ba da 1.6, daga yau duk ƙiyasinka ka ninka shi da 1.6 kafin ka yi wa wani alkawari.

Malam Nura:
Barista, wannan bai ci karo da dokar Parkinson ba? Ita ce ke cewa aiki yakan buɗe ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Idan na ƙara wa kowane aiki lokaci, ashe ba na ba shi damar kumbura ba?

Barista Usman:
Tambaya mai kyau. Cyril Northcote Parkinson ya rubuta wannan a mujallar The Economist a 1955, kuma akwai gaskiya a ciki. Yadda ake haɗa su: ranar da za ka faɗa wa mai jira ita ce mai ƙarin. Zaman da za ka ba kanka kuwa gajere ne mai iyaka, kuma da ma'aunin kammalawa a rubuce. Kafin ka fara ka rubuta mene ne "an gama": shafi biyu, jadawalin lissafi ɗaya, shawarwari uku. Aiki yana kumbura ne idan ba a faɗi inda zai tsaya ba, sai a yi ta goge shi ana sauya kalmomi.

Hajiya Rabi:
Mu zo kan taro, don a takardar ƙidayar manaja shi ne yakan fi kowane gida girma. Taron awa ɗaya na mutum takwas awa takwas ne, wato yinin ma'aikaci guda cur. Idan kowane mako ake yinsa, a mako 50 ya ci awa 400. Ba wanda zai sa hannu a kashe awa 400 ba tare da tambaya ba, amma taron mako-mako haka yake shigewa shekara da shekaru. A watan Janairun 2023 kamfanin Shopify, mai harkar kasuwancin intanet, ya soke duk taron da ake maimaitawa mai mutum fiye da biyu daga kalandar ma'aikatansa, don a ga wanne ne za a nemi a dawo da shi.

Ba sai an kai nan ba. Gayyatar da ba ta da ajanda a mayar da ita cikin ladabi da tambayar wace shawara ake so a yanke. Sanarwa kawai, a aika a rubuce. A Google Calendar da Outlook akwai saitin da ke rage taro da kansa, na rabin awa ya koma minti 25, na awa guda ya koma 50. Minti biyar na ƙarshe na abu guda ne: wa zai yi me, zuwa yaushe, a rubuta a aika a ranar. Taron da aka tashi ba wannan, za a sake yinsa.

Injiniya Bashir:
A ƙara da wurin da ake ajiye taron. Paul Graham, mai zuba jari a kamfanonin fasaha, ya yi rubutu a 2009 kan bambancin jadawalin manaja da na mai ƙirƙira. Manaja ranarsa a yanke take awa-awa, ƙarin taro ɗaya bai dame shi ba. Mai zane, mai rubuta manhaja, akanta a ƙarshen wata, su rabin yini suke bukata a haɗe. Taron minti 30 da aka dasa ƙarfe goma da rabi ya raba safiyar gida biyu, kowanne bai isa a yi komai ba. A tura tarurruka gefe guda, ko farkon yini ko bayan azahar, a jere.

Malam Nura:
Duk na fahimta. Saura mai wuyar: oga ya kawo sabon aiki alhali gurbi ukun nan na gidan tsakiya a allon Injiniya a cike suke. Ba a ce wa oga a'a.

Alhaji Kabiru:
Ba sai ka ce a'a ba, Malam Nura. Ka nuna masa allon. "Ranka ya daɗe, ga uku da ke hannuna, wannan Laraba, wannan Juma'a, wannan mako mai zuwa. Idan sabon ya shiga yau, wanne kake so in ɗage?" Ka mayar masa da zaɓin, wanda dama nasa ne. Shugabanni da yawa ba su riƙe adadin abin da suka ɗora wa mutum ba. Kuskuren shi ne a amsa "to" a kan komai, sannan ranar wa'adi a zo da uzuri. Labarin jinkiri idan ya zo da wuri shiri ne, idan ya zo a ranar ya zama laifi.

Su ma shugabannin akwai nasu. Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, ya ambaci bambancin abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci a wani jawabi a 1954, daga nan aka samo wani akwati mai gida huɗu da ke raba ayyuka bisa gaggawarsu da muhimmancinsu. Gidan da ake zalunta kullum shi ne mai muhimmanci marar gaggawa: horar da na ƙasa, gyara tsarin da ke yawan kawo matsala, shirin wata uku masu zuwa. Ba ya ƙara, ba ya kira, don haka sai an ba shi awa biyu a kalanda kowane mako an tsare su kamar ganawa da babban baƙo.

Malama Zainab:
Horar da na ƙasa ɗin nan shi ne ƙofar miƙa aiki. Masu cewa "kafin in koya masa na gama" su yi lissafi: aikin minti 30 kowane mako awa 26 ne a shekara. Ko koyarwar ta ci awa huɗu, cikin wata biyu ta biya kanta. Miƙawa tana lalacewa ne idan an faɗi aikin ba a faɗi sakamakon da ake so ba, ko ba a faɗi iyakar ikon mutum ba. A gaya masa abu huɗu: yadda aikin zai kasance idan ya kammala, ranar, abin da zai iya yankewa da kansa da abin da sai ya tambaya, da ranar da za a duba tare. Dubawar farko ta zo da wuri, aikin na kashi ɗaya cikin biyar, lokacin da gyara ba shi da tsada. Kuma idan ya dawo da matsala, a tambaye shi me yake gani za a yi. In ka ce "bari in duba", aikin ya dawo teburinka ke nan.

Barista Usman:
Wani gargaɗi kan ƙa'idar minti biyu ta David Allen, marubuci kan tsara aiki, wadda ke cewa abin da bai wuce minti biyu ba a yi shi nan take. Wurinta lokacin tace saƙonni ne. Wanda ya bi ta duk yini, ƙananan abubuwa ashirin sun ci minti arba'in, kuma sun katse shi sau ashirin.

Dakta Halima:
Kada mu tashi ba mu taɓa ƙarin awoyi ba, don shi ne mafakar kowa idan aiki ya taru. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya nazarci bayanan ma'aikatan masana'antar makamai a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya samu cewa har zuwa wajen awa 49 a mako abin da ake samarwa na tafiya daidai da awoyi, daga nan kowace ƙarin awa amfaninta raguwa yake yi, kuma rashin ranar hutu a mako yana rage abin da ake samarwa. Aikin hannu ne wancan, amma aikin ƙwaƙwalwa bai fi shi jure gajiya ba. Babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. Awar da aka sata daga barci, washegari ake biyan ta da kuskure da maimaita karatun layi guda sau uku.

Abin da ke taimaka wa mai kwanciya da aiki a ka shi ne rufe yini da tsari. Minti goma kafin tashi, a duba abin da ya rage, kowanne a rubuta matakinsa na gaba da lokacinsa, a zaɓi aikin farko na gobe a ajiye takardunsa a kan tebur. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Masicampo da Baumeister, sun nuna a 2011 cewa aikin da ba a gama ba yakan yi ta faɗo wa mutum a rai, amma yin takamaiman shiri a kansa yana rage wannan ko da ba a yi aikin ba tukuna.

Malam Nura:
Allah ya saka da alheri. Abubuwan sun yi yawa ga mai farawa. A wane jeri za a ɗauke su?

Hajiya Rabi:
Amin. Makon farko ƙidaya kawai. Mako na biyu allon Injiniya da iyakar uku, tare da zama ɗaya na minti 90 kowace safiya waya a jaka. Mako na uku a shigo da lokutan amsa saƙo, a sanar da abokan aiki. Taro da miƙa aiki su biyo baya, don su sai da yardar wasu. Kada a sayi ko a sauke sabuwar manhaja a watan farko, littafi da biro sun isa, saboda saita manhaja kan zama wani sabon aikin da ake fakewa da shi. Abin da ke riƙe duka shi ne bitar mako: minti 30 a ranar aiki ta ƙarshe, a kwashe duk 'yan takardu da saƙonnin da aka ajiye, a duba gidan "ana jiran wani", a kalli kalandar mako biyu masu zuwa, a goge duk aikin da ya yi wata guda a jeri ba a taɓa shi ba kuma ba wanda ya tambaya.

Injiniya Bashir:
Hajiya, ni zan ce bitar ta fara tun makon farko, ko da minti goma ne, tunda a ranar ce za a tattara takardar ƙidayar. Kuma a sa ta kafin azahar. Idan aka bar ta ƙarshen yini, ita ce farkon abin da gajiya za ta ture.